Zakaran da Keziya Ta Kai Abuja

Duk mai sayen citta a kasuwar Kafanchan ya san Mama Keziya, ya kuma san ba a ambaton Abuja a gaban rumfarta. In ka kuskura, sai ta tofar da yawu ta ce ka matsa, kana tare mata ciniki. Sau ɗaya ta taka garin, kuma ya ishe ta har abada.

A shekarar da cuta ta ruɓar da citta a gonaki mijinta Meshak ya rasu, gida ko tsaba babu. A ƙauyensu ba a haƙa kabarin magidanci sai wani namiji daga gidan kawunnansa ya yi saran farko da fartanya. Ba kuma a gaya wa kawu mutuwa ta waya. Takawa ake yi a kai masa zakara, a faɗa masa baki da baki. Namiji ɗaya ya rage a wancan gida, Alexander, lauya a Abuja, wanda Keziya ta sha goyo yana zubar da majina lokacin tana amarya. Gawar Meshak tana mutuware tana jira. Dattawa suka kafe, suka ce babu Alexander babu kabari.

Zumuntar mata ta coci ce ta haɗa mata kuɗin mota, zuwa da dawowa, ko na ruwa ba a ɗora ba. Ta ƙulle su a bakin zane, ta zuba tuwon acca a leda, ta cika gora da ruwa, ta ɗaure ƙafafun jan zakara ta hau mota.

Tun daga Nyanya garin ya nuna mata hali. Kwandastan bas ya ce zakara ma sai an biya masa wuri. Ta nemi inda za ta kama ruwa, aka miƙo mata hannu, wai sai ta biya. Da mai tasi ya faɗi kuɗin kai ta unguwar Alexander, ta tambaye shi ko motar zai sayar mata, sannan ta kama hanya da ƙafa. Tituna ne masu faɗi kamar gonar gandu, babu rumfa, babu mai cewa sannu. Ta gai da wata mata, matar ta ƙanƙame jakarta ta ƙara sauri.

A ƙofar unguwar ta tarar da mai gadi, an rubuta Francis a ƙirjinsa. Daga jin harshensa ta san ɗan wajen Zangon Kataf ne, amma sai wani hura hanci yake.

"Madam, kina da kod, lambar shiga?"

"Wane kod? Ni matan Meshak ne. Na zo wurin kawu."

Francis ya buga waya cikin gida, ya yi ta "yes sa", sannan ya miƙo mata wayar. "Oga ya ce ki faɗi abin da ya kawo ki."

Ta mayar da hannuwanta baya. "Wannan magana ba na waya ba ne. Kai ba a haife ka a gida ba?"

Ya rufe ƙofarsa. Ta zauna a kan ciyawa, ya kore ta, ya ce ciyawar ta ado ce. Sai ta koma bakin kwalta cikin rana. Zakara ya buɗe baki yana haki, ta ɗura masa ragowar ruwanta, ita ta haɗiye yawu. Ranta ya ɓaci matuƙa, kuka ma ya ƙi zuwa.

Da la'asar wata baƙar mota ta fito. Gilashi ya sauka rabi, sai ga fuskar Alexander.

"A'a, Anti Keziya! Haka ake zuwa ba notis?"

Ta durƙusa a kan kwalta mai zafi, dattijuwa da furfurarta, ta ɗaga zakara da hannu biyu yadda ake yi. "Kawu, ɗanku Meshak ya kwanta bai tashi ba. Mun zo roƙon fartanya."

"Ai na gani a Fesbuk tun ranan. Sori, Anti. Ina da mitin wannan sati, zan aiko direba na." Ya dubi zakaran ya yamutsa fuska. "Francis, karɓi wannan ka yi farfesu."

Bai ce ta shigo ta sha ruwa ba. Da Francis ya miƙo hannu, ta buge shi, ta rungume zakaranta ta juya. A cinyarta ya koma Kafanchan.

Ranar Asabar kuwa sai ga direba da furen roba. Dattawa suka tsaya a bakin fili suna gardamar ko saran ɗan aike ya halatta, rana tana dukan akwatin Meshak. Keziya ta ratsa su, ta fizge fartanya ta kafta wa ƙasa sara.

"Ni na ci wahala da shi," ta ce. "Ku haƙa."

Aka haƙa. Daga baya dattawa suka ci ta tarar akuya, har yau suna jira.

Zakaran yana nan a tsakar gidanta, ya tsufa, ta hana kowa ya yanka shi. Kawu take kiransa. Kowace safiya shi take fara kora da tsintsiya kafin ta je ta share kabarin mijinta.