Mayi Makwinja da Jan Ruwan Namikoko

Kafin rana ta leƙo ta bayan dutsen Mulanje, Mayi Esinala Makwinja, wato Mama Esinala a harshenmu, ta riga ta kwaɓa fulawar mandasi, irin fanken da take soyawa tana sayarwa, ta rufe ta da ƙyalle, ta ɗauki wayarta ta hau surin da ke bayan ɗakin girkinta. Nan ne kaɗai sabis yake kamawa a gidan. Tana tsaye a kan surin take sauke saƙonnin da muka zuba a cikin Bwalo, sannan ta sauko ta jingina wayar da buhun gawayi, tana suya tana saurare. Yawancinmu saƙon murya muke turawa, don haka tun da sassafe ƙorafin garin Namikoko yake tashi tare da ƙamshin mai a tsakar gidanta.

Bwalo shi ne zauren tattaunawarmu na waya. Ita ta buɗe shi shekarar da ambaliya ta cinye gadar kasuwa, ta sa masa sunan filin da iyayenmu suke taruwa gaban mai gari. Ba wanda ya ɗauke ta aiki, ba wanda yake biyanta. A nan muke faɗa a kan takin gwamnati da rumfunan kasuwa, a nan muke tsare kansila da tambaya har ya daina yi mana alkawarin baka. Doka ɗaya ta kafa, ba ta kuma ɗaga wa kowa ƙafa a kanta. Duk wanda ya kawo labari a kan wani mutum, sai ta tambaye shi: ka gani, ko an faɗa maka? In an faɗa maka ne, sai ta bi sawun maganar daga baki zuwa baki, ta waya ko a ƙafa, har ta kai ga mai ita. Sau da yawa maganar takan mutu a hanya.

Ni tsohon ma'aikacin gidan waya ne, Bambo Matiki ake kirana, wato Malam Matiki, kuma na sani saƙonnina suna da tsawo. Ta taɓa amsa mini a gaban kowa cewa, “Bambo Matiki, wannan saƙo ne ko huɗuba? Mandasina ya ƙone ina jiran ka kai aya.” Na yi fushin kwana biyu, na dawo, don ba inda zan je.

Yanzu tana shirin ajiye aikin. Idanunta sun fara gajiya da hasken waya, 'yarta kuma ta matsa ta koma wurinta a Zomba. Tun da na ji haka gabana yake faɗuwa, kuma zan faɗi dalili.

Duk wanda ya girma a nan ya san kalmar da ba a son furtawa: anamapopa, waɗanda ake cewa suna zuƙe jinin mutane suna barci. Ban taɓa haɗuwa da wanda ya kama ɗaya ba. Amma na ga abin da ake yi wa wanda aka zarga. In jita-jitar ta taso, samari su tare hanya da itace, a yi ta busa usur daga ƙauye zuwa ƙauye, baƙon da ya kasa faɗin sunan mai garinsu da sauri ya shiga uku. Mai hankali da mai ilimi duk sukan kulle ƙofa su yi shiru, ni ma haka nake yi.

A shekarar da nake magana, famfon tuƙa-tuƙa na bayan makaranta ya lalace mana. Bututunsa ya yi tsatsa, ruwan yana fitowa jaja-jaja, yara suna ta gudawa. Matan coci sun gaji da ganin fararen rigunansu suna rinewa. Mun yi surutu a Bwalo har muryoyi suka dishe, Mayi Makwinja ta tattara koken ta kai wa hukuma, aka ce za a turo mai gwajin ruwa. Ba su faɗi rana ba. Daidai lokacin ne kuma maganar anamapopa ta sake tasowa daga ƙauyukan bakin iyaka.

Mai gwajin ya iso ranar kasuwa da hantsi. Sunansa Wyson Chirambo, mutumin arewa ne, da ya buɗe baki ka san ba ɗan nan ba ne. Bai biya ta gidan mai gari ba, don ya ɗauka aikin ɗan lokaci ne. Ya sa safar hannu, ya buɗe kular ƙanƙara, ya riƙa zuƙo ruwa da sirinji yana ɗurawa cikin ƙananan kwalabe, ga yara sun fito tara suna kallonsa. Bambo Likaka, shugaban masu ɗaukar fasinja a keke, ya zo wucewa. Ya ɗauki hoto ya jefa a Bwalo: baƙo, safar hannu, sirinji, kwalabe ja, bayan makaranta.

Mayi Makwinja ta yi masa tambayarta kamar kullum. Ya amsa: “Na gani, Mayi. Da idona na gani.”

Ranar ce tambayarta ta gaza, don ba ƙarya ya yi ba, ya ga abin da ya gani. Ta rubuta cewa mai gwajin ruwa ne, ta sake faɗa da murya, amma wanda yake gudu ba ya duba waya sai don ya ga inda ake taruwa. Ina zaune a baranda na ji usur na farko. Iyaye mata suka bazama makaranta suna kiran sunayen 'ya'yansu. Na ga wani ya wuce da tsohuwar taya a kafaɗa, wani yana biye da shi da gorar fetur.

Tana kan surin kansila ya kira ta ya ce ta rufe zauren nan take. Fasto ma ya kira da magana ɗaya. Ta ƙi. Ta ce musu in ta rufe za a ce an saye ta, don dama ana raɗe-raɗin cewa manya suna da hannu a ciki, sannan maganar za ta koma inda ba ta ji ba ta gani. Daga saƙonnin da ke ta shigowa ne ta gane sun ja baƙon zuwa injin niƙa. Ta roƙi kansila ya kira 'yan sanda, ta sauke kaskon mai daga wuta, ta ɗaure zani. Ta biyo ta ƙofar gidana ta ce in zo in riƙe mata waya, hannunta akwai mai. Da ta ba ni zaɓi da ban je ba, amma ba ta tsaya jin amsa ba.

Mun tarar da shi durƙushe a ƙasa, goshinsa ya fashe, takardunsa sun watse cikin dusa. Yana ta cewa ruwa ne, ruwa ne, ba mai saurare, lafazinsa ma ƙara tunzura su yake yi. An riga an rataya masa tayar. Likaka ya ɗaga kwalba ɗaya sama ta saitin rana yana juya ta, mutane suna ja da baya. Wani ya ce sun sirka jinin da ruwa ne don kada a gane.

Ta kutsa da kafaɗa kamar mai neman wuri a layin famfo. Wani saurayi ya ce, “Agogo, kakarmu, koma gida, wannan ba Bwalo ba ne.” Ba ta ko dube shi ba. Ta tsaya gaban Likaka ta miƙa hannu.

“Achimwene, ɗan'uwana, ba ni kwalbar.”

“Kada ki taɓa, Mayi. Jinin 'ya'yanmu ne.”

“Wa ya fi kowa cika mana kunne a turo mai gwajin ruwa, lokacin da 'yarka take kwance? Ba ni.”

Ya ba ta. Ta buɗe murfin, ta shinshina, ta kafa kai ta shanye. Ta san sarai ruwan da ta sha, shi ne wanda ya kwantar da yara. Ta goge baki da bayan hannu, ta ɗauko kwalba ta biyu daga kular, ta zuba a gefen farar rigar wata mata da ke tsaye kusa, ta ce, “Achemwali, 'yar'uwata, kin san wannan tabon ko ba ki san shi ba?”

Matar ta dubi rigarta, ta kai hanci, ta ce famfon bayan makaranta ne, shi ya lalata mata riga biyu. Wata ta karɓi kwalbar ta shinshina ta miƙa wa ta bayanta. Mata ne suka fara magana, a hankali, sannan da ƙarfi, suna zagin mazan. Mai gorar fetur ya sulale. Mayi Makwinja ta cire tayar da hannunta, ta yage bakin zaninta ta ɗaure wa Wyson goshi, ta kama wuyan hannunsa ta ja shi gidan mai gari. Can ta zauna a bakin ƙofa har motar 'yan sanda ta iso da la'asar.

Ke ce kika hana mu kwana da jinin bawan Allah a wuyanmu, Mayi. Ke ce kika sa yau muna iya wucewa ta injin niƙa ba tare da mun sunkuyar da kai ba. Kin yi kwanaki a kwance da ciwon ciki, ba mu zo gaishe ki da yawa ba. Wyson ya warke, ya turo sakamakon gwajinsa, aka canja bututun, ruwanmu ya yi fari. Likaka ya zo har gida ya durƙusa, kika ba shi mandasi kika ce ya tashi.

Abin da ban so in rubuta ba, amma dole, shi ne ba a nan maganar ta ƙare ba. Waɗanda ba su je injin niƙa ba, labari ya isa musu a karkace. Har yau akwai masu raɗa cewa matar nan ta sha jini a bainar jama'a ko gezau ba ta yi ba, to ita wace ce? Wasu iyaye sun hana 'ya'yansu sayen mandasinta. Ta sani. Ba ta cire kowa daga Bwalo a kan haka ba, kuma washegarin da ta iya tashi ta sake hawa surinta.

Makon jiya wani ya turo hoton wata mota da ba a sani ba, a tsaye kusa da makaranta. Kafin usur ya fita ta yi tambayarta, ta bi sawu, ashe ɗan'uwan shugabar makaranta ne ya kawo mata buhun masara. Da ta sanar cewa za ta tafi Zomba, tana neman masu karɓar zauren, an cika mata waya da godiya da addu'a. Ba wanda ya ce ga ni.

Jiya na je na same ta tana suya, na ce ta sa sunana. Ta dube ni sama da ƙasa ta yi dariya.

“Bambo Matiki, kai da kare yake hana ka zuwa coci?”

Na ce mata har yanzu haka nake, kuma ban san abin da zan yi ba in aka sake busa usur. Ta juya mandasi a cikin mai, ta ce, “Ni ma ranar gwiwoyina kaɗawa suke yi. Zani ne ya rufa mini asiri.”

Mun gode, Mayi Esinala, mai bin sawun magana. Allah ya ba idanunki lafiya, ya yafe wa masu raɗa a bayanki. Ku kuma 'yan Bwalo, ba jarumi nake nema ba, don ni ma ba shi ba ne. Matsorata biyu ko uku nake nema su zo mu raba aikin, waɗanda za su yi tambayar nan kowace safiya, in tambayar ta gaza su tashi su tafi wurin da ƙafarsu. Ƙarshen wata za ta hau motar Zomba, ga shi baƙi ba za su daina shigowa Namikoko ba.