Ƙuri'ar da Ba Ta Taɓa Haye Kogi Ba

A ofishin ƙididdiga Uwar Ƙuri'a ake ce mata, har mai shara haka yake gaishe ta, ita kuma ba ta taɓa jin haushin sunan ba. Shekara goma sha tara ta yi a ɗaki ɗaya a hawa na biyu, ga fanka mai ƙara, ga tebur mai gajeriyar ƙafa da ta tokare da tsohon rahoto.

Aikinta ba shi da wuyar faɗa. In za a yi binciken gidaje na ƙasa, a ji me mutane ke ci, ina suke ɗibar ruwa, tafiyar minti nawa ce zuwa asibiti, ai ba a iya shiga kowane gida. Sai a yanka ƙasar ƙanana-ƙanana, a jera yankunan a takarda, kwamfuta ta zaro wasu ba sani ba sabo. A yankin da ya fito, gida ɗaya ake shiga cikin goma, abin da suka faɗa shi ne bakin sauran. Ita ce mai zarowar.

Kuma ba ta wasa da abin. Ma'aikaci ya dawo ya ce gida na goma akwai kare, shi ya sa ya shiga na sha ɗaya? Takardunsa za ta miƙa masa ya koma, ko da karen zai raba shi da wando. Mijinta kan ce ko nama za ta raba wa yara sai ta yi ƙuri'a.

Wannan taurin kai ta koyo shi ne wurin shugaban sashensu, dattijon da kowa ke ce wa Baba. Shi ya ɗauke ta aiki tana sabuwar fitowa daga makaranta, shi ya tsaya mata a matsayin uba ranar aurenta, don nata ya rasu. Shi ke haɗa jerin yankunan ya miƙo mata a shirye. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Yarinya, duk gidan da ke ƙasar nan yana da damar fitowa. Ranar da kika hana wani tasa, ki ajiye aikin."

Wurin mahaifiyarta ne kawai take shan wuya. Inna tana ƙauyensu can bayan kogi, inda in naƙuda ta tsananta sai a cire ƙyauren ɗaki a ɗora mace a kai, maza huɗu su nufi titi da ita. Duk zuwa sai Inna ta tambaya.

"Ke da kike wurin, yaushe masu tambayar nan za su zo mana? Garin bakin titi sau uku ke nan. Mu ba mutane ba ne?"

"Inna, wallahi sunanmu yana ciki. Bai fito ba ne kawai."

Yayanta ya taɓa ce mata ta samu birni ta manta gida, suka yi shekara biyu ko gaisuwa ba sa yi. Inna ta goyi bayanta, ta ce ita dai 'yarta ba ta yi mata ƙarya.

Da Baba ya yi ritaya aka ba ta kujerarsa da makullin kabad ɗin ƙarfe. Tana neman wata taswira ce ta ci karo da jerin na asali, wanda bai taɓa isowa teburinta ba. Yanki sittin da uku an soke su da jan biro, a gefe an rubuta "mota ba ta shiga". An ɗebi yawan gidajensu an ƙara wa maƙwabtansu na bakin titi, don jimilla ta cika kada a gane. Ƙauyensu ne na uku a shafin. Ta buɗe fayil na gaba, haka. Na gaba ma haka.

Ashe shi ya sa rahotannin da take sa wa hannu ke cewa yawancin gidajen yankinsu na isa asibiti cikin rabin awa. To wa zai gina wa masu rabin awa asibiti? Ranta ya ɓaci ƙwarai, kunya kuma ta fi ɓacin ran.

Da yamma ta same shi a barandar gidansa yana ɓare lemo. Ko zama ba ta yi ba.

"Baba, wannan hannunka ne?"

Ya gyara tabarau ya duba. Bai ko yi musu ba, abin da ya fi ƙona ta ke nan.

"Nawa ne. Mota biyu ake ba mu da sati shida. Da na bar su, da ba mu taɓa gama bincike ko ɗaya ba."

"To me ya hana ka rubuta cewa an cire su?"

"Wa zai karɓi rahoton ƙasa da aka ce ban da wasu?"

"A gabanka nake rantse wa Inna a waya, Baba. Kana jina."

Ya juya ɓawon lemo a hannunsa.

"Ta yaya ma ka san hanyar ƙauyenmu?" ta ce. "Ba ka taɓa zuwa ba."

"Ke kika gaya mini. Satinki na farko, kina ba mu dariya da labarin motar da ta kwana uku a laka wajenku. A taswira akwai hanya. Da ba ki faɗa ba, da na bar shi."

Ta juya ba sallama, ita da ba ta taɓa barin gabansa ba ta durƙusa ba.

Ran Litinin ta mayar da yankunan duka cikin jeri, wannan bai ɗauke ta awa guda ba. Ran Asabar ta hau mota, ta hau kwale-kwale, ta taka sauran da ƙafa. Ta tarar da Inna a tsakar gida tana tsintar wake a faifai, ta zauna a ƙasa ta faɗa mata komai, har da labarin motar.

Inna ba ta yi faɗa ba. Ta ture faifan gefe.

"Kin zo da takardar tambayar?"

"A'a, Inna."

"To saurara ba takarda."

Ta fara kiran sunayen matan da aka ɗora a ƙyaure ba su kai titi ba, tana lanƙwasa yatsa ɗaya-ɗaya, kowacce da shekarar da abin ya faru. Uwar Ƙuri'a ta san su duka, da wasu ma tare suka yi wasan ƙasa. Da yatsun hannu ɗaya suka ƙare, Inna ta ɗago ɗayan ta ci gaba.