Ranar da Sharfaddeen Ya Ɗauki Tsintsiya

Duk ɗalibin Arewa da ya zauna a Bukit Jalil, can ƙasar 'yan Malay, ya san Ɗelu mai tuwo. Mijinta Sharfaddeen ta biyo da ya zo digiri na uku, amma ta fi shi suna nesa ba kusa ba. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa daga Kano ake aiko mata, tana jibge su a wani ɗan sito a ƙasan beninsu.

Mace ce mai tsafta har ta yi yawa, ga baki. Kullum gorinta ɗaya ne, wai mijin nata, Abban Afnan, bai taɓa ɗauke ko tsinke a gidan ba. Da ɓeraye suka addabi siton, ga ta da tsohon ciki, sai wata Asabar bawan Allah ya naɗe hannun riga ya karɓi tsintsiya. Ɗelu ta tsaya daga nesa tana ɗaukarsa a waya, dariya har da hawaye.

Bayan 'yan makonni zazzaɓi ya kwantar da shi, cinyoyi da baya suna ciwo.

"Malaria ce kawai, lah," ya ce da salon 'yan Malay, ya haɗiyi maganin da suka zo da shi daga gida.

Ya yi kwanaki yana haɗiya. Sai tari ya biyo baya. Wata safiya ya kasa ƙarasa Fatiha a tsaye.

A asibiti aka rufa a kansa da na'urori. Wata likita 'yar Malay ta tambayi Ɗelu ko ya yi mu'amala da ɓeraye. Ɗelu ta ciro waya ta nuna mata bidiyon. Ga shi nan tsugune, ƙura ta turnuƙe shi, ga kashin ɓera birjik.

Likitar ta ce suna zargin hanta-bairos, ƙwayar cuta da ake shaƙa a ƙurar busasshen fitsari da kashin ɓera. Ba kasafai take kama huhu haka a nan ba, amma shi ta kama. Jijiyoyin jininsa ne ke yoyo, ruwan jikinsa na cika masa huhu, zuciya kuma na gajiya.

"To ku zuƙe ruwan mana, doctor! Ku ba shi allura, please!"

Babu maganin da ke kashe ta kai tsaye, in ji likitar. Na'ura za ta yi masa numfashi, a ga ko jikin zai jure. Ta ƙara da cewa irin wannan wuri jiƙa shi ake fara yi da ruwan bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, ba a share shi a bushe.

Nan Ɗelu ta tuna. Tun tana 'yar mitsitsiya uwarta ta koya mata yayyafa ruwa kafin shara. Ba ta taɓa tsallakewa ba, ko sau ɗaya. Shi kuwa ina zai sani? Wa ya taɓa nuna masa?

Yanzu tukwanenta a kife suke. Ɗalibai sun daina tambayar tuwo, sai dai su zo su yi addu'a su tafi. Ita tana wuni a bayan gilashin ɗakin da yake kwance, ciki a gaba, tsoro ya hana ta ko kurɓar ruwa.

"Abban Afnan, ka tashi don Allah. Wallahi ba zan ƙara cewa ka ɗauki ko tsinke ba."

Ta kasa goge bidiyon, don nan kaɗai take jin muryarsa. A ciki ya ɗago yana tari, ya ce, "Maman Afnan, haka ake yi?"

Sai muryarta, cikin dariya: "Haka ne, ci gaba."