Ruwan Wankin Kofi

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: na yi wauta da furfura a gemuna. Mutum mai jikoki, wanda ya kamata a ce carbi ne a hannunsa, na ɓata kaka guda ina laɓewa a bayan rumbu da tukunya, ina yaƙi da wani tsoho a kan shayi. Karatuna bai wuce na allo ba, shi ma ban yi nisa ba aka miƙa mini sanda na bi shanu. In kun ga zancen ya karkace ku yi haƙuri, mai shi ma a karkace yake.

Tsohon da nake nufi taubashina ne, ɗan goggona. Shi yana Garo ta ƙasar Kabo, ni ina Madadi ta ƙasar Gwarzo. Tare muka yi kiwo. Yana ce mini bawansa, ina ce masa bawana, har iyayenmu suka bar duniya ba su raba mana gardamar ba. Akwai tabo a ƙaurina na dama, shi ne sila. Muna yara ya ɗaga kai ya kalli wata kanya ya ce ko biri ba zai kai reshen sama ba, balle ni. Na kai. Na karkaɗo, ya tsince ya cika aljihu, reshen ya karyo da ni.

To, gwiwa ta matsa masa, ɗansa da ke aiki a birni ya ɗauke shi ya kai shi Indiya aka yi masa aiki. Ya dawo da sabuwar gwiwa da sabon baki. Mutumin da ko Zariya bai taɓa kwana ba, yanzu in ka ce masa an yi ruwa jiya sai ya ce ai ruwa sai Indiya.

Ni kuwa a Madadi ba ni da sarauta, ba ni da malanta. Buta nake da ita. Suna ko ɗaurin aure, ni ake kira in dafa shayi, da na'a-na'a da kanumfari da 'yar citta. Ba sana'a ba ce, amma da ita aka san ni, kuma ina jin daɗin yadda ake matsa mini wuri in na iso.

Ranar sunan jikata taubashin nawa ya zo. An raɗa suna, an shafa fatiha, ƙofar gida cike da mutane. Na zuba masa da hannuna. Ya kurɓa, ya juya shi a baki kamar mai gwada magani, ya ajiye kofin a kan tabarma.

"Allah sarki, bawana, an yi ƙoƙari," in ji shi. "A Indiya da irin wannan ake wanke kofi kafin a zuba shayi."

Aka kwashe da dariya. Liman ya rufe baki da gefen rawani, amma na ga kafaɗarsa tana rawa. Har daga cikin gida na jiyo dariyar mata, kuma na gane muryar uwargidana a ciki. Shi kuwa ya gyara zama ya shiga bayani: shayin can da madara ake dafa shi, ba zuba ta ake yi daga baya ba, kauri gare shi, ƙamshinsa tun daga bakin ƙofa yake tarbar mutum.

Wasan taubasai ne, na sani, ba a fushi da shi. Na yi dariyar yaƙe tare da kowa. Amma sunan ya bi ni. Ran kasuwar Gwarzo ina cinikin igiya wani ya ƙwala mini kira daga tsallaken titi, "Baba mai wankin kofi." Da aka yi ɗaurin aure a unguwarmu, na kawo butata, wani dattijo ya miƙo kofi ya ce a ɗauraye masa. A ranar na yi alkawari a raina sai na shayar da wannan tsoho maganarsa, a garinsu, a gaban mutanensa.

'Yata da ke koyarwa a Islamiyya ita ta nemo mini yadda ake dafa shayin Indiya a wayarta. Wata mata ce a gaban murhu tana magana da yarensu, ban ji ko kalma ɗaya ba, amma ido ba ya buƙatar tafinta. Na ga citta, na ga kanumfari, na ga kirfa da masoro, duk 'yan gida ne. Baƙo ɗaya ne a ciki, wasu koraye 'yan ƙwayoyi da mai kayan yaji na Gwarzo ya ce kadamon ake ce musu, ya kuma sa aka taho mini da su daga Kano. Na ce ashe abin da ake yi mana barazana da shi ke nan. Mu da muka gaji shanu kaka da kakanni, madara ce za ta gagare mu?

Ita ce kuwa ta gagare ni.

A gidanmu namiji yana tatsa, amma da zarar madara ta sauka a ƙwarya ta tashi daga hannunsa, ta zama ta uwargida. Ita ke kwantar da ita, ita ke kaɗa mai, ita ke sayarwa. Tun da nake ban taɓa sanin me ake yi da ita bayan na miƙa ba. Kuma ban so in roƙi matar da ta yi mini dariya ranar suna. Sai na riƙa ɗaukar wata 'yar ƙwarya daga cikin nata, in tatsi rabona da safe, in rufe da faifai in tura ƙarƙashin rumbu, sai ta tafi unguwa da yamma in hura wuta.

Ina ɗorawa ta fara zafi sai ta tsinke. Ruwa gefe, gudaji gefe, ganyen shayi yana yawo a tsakani. Na ɗanɗana don taurin kai, na tofar. Washegari haka. Na zargi citta, na cire ta, haka. Na zargi saniya, na sauya wata, haka. Daga ƙarshe na tabbatar wa kaina bakin taubashina ne ya kama tukunyar tun daga Garo, har na tofa mata addu'a. Kaji dai sun yi ƙiba a wannan kakar.

Wata yamma ina durƙushe ina fifita wuta na ga inuwa a kaina.

"Malam, cuku kake koya?"

Uwargida ce, hannu a ƙugu. Na ce magani nake haɗawa. Ta ɗaga ƙwaryar ta shinshina.

"Wannan ai ta kwantar da nono ce. Ko ka wanke ta da ruwan rijiya guda, tsamin yana cikin jikinta. Ka zuba madara tun safe ka bar ta a zafi, me kake so ta zama? Ni kuma ina ta zargin maraƙi da shanye mini nono, ashe maraƙin mai gemu ne."

 Da ta gama dariyarta ta tambaye ni don wa nake wannan wahala. Na faɗa mata. Sai na ga fuskarta ta sauya. Ashe ita ma tana da nata a ƙasa: da ya zo sunan, ya ce wa mata furarta ta yi kyau, ta jifan kare. Ta shiga ɗaki ta fito da sabuwar tukunya daga cikin jerenta, ta ce daga nonon saniya sai wuta, kada madarar ta ga ƙwarya.

Daga nan abin ya miƙe. Ita ke daka kayan a ƙaramin turmi, ba lukui ba, a farfasa kawai. A tafasa su cikin ruwa kaɗan har gidan ya ɗauki ƙamshi, a zuba ganye ya yi duhu, sannan madara da sukari. In ya taso zai zube a ɗaga tukunyar, ya kwanta a mayar, a yi ta haka har launinsa ya koma kamar na jar ƙasar gini. A tace da rariya. Ranar da ya yi daidai, na kurɓa, na ji masoron ya kama mini maƙogwaro a hankali, na ce wa uwargida tsohon nan ya shiga uku.

Ran wata Juma'a na cika babban filas, na ɗaure kofuna a leda, na hau bayan ɗan acaɓa sai Garo. Na same shi bayan la'asar a majalisarsu, gindin darbejiya, ya miƙe sabuwar gwiwar yana ba da labarin jirgi. Muka gaisa, ya gida, ya iyali, ya gajiya, ya shanu, ban yi gaggawa ba. Sannan na buɗe filas.

Ƙamshin ya tashi, labarin jirgi ya tsaya. Na fara daga dama, na bi kowa da kofinsa. Da na zo kansa na tsallake.

"Bawana, ka manta ubangidanka."

"Ban manta ba. Kai ai ka sha na asali. Wannan na wankin kofi ne, ba zan ɓata maka baki ba."

Na koma na zauna daidai inda zan riƙa ganin fuskarsa. Mutanensa suna kurɓa suna santi, wani yana cewa a ƙara, ina ƙarawa. Shi kuwa maƙogwaronsa yana hawa yana sauka. Ya kalli darbejiya, ya kalli takalminsa, ya gyara hula. Na rantse ban taɓa shan abin da ya kai wannan kallon daɗi ba. Tabon ƙaurina ma sai da na ji ya yi sanyi.

Wani malami a cikinsu ne ya ce, "Baba, a duba zumunci." Na girgiza filas, na tsiyaye masa ɗan abin da ya rage a gindi, rabin kofi. Ya karɓa da hannu biyu. Ya rufe ido yana sha kaɗan-kaɗan, har ya ɗaga kofin ya jira ɗigon ƙarshe.

Na ce, "To, ga jama'a. Faɗi tsakaninka da Allah, da wannan da na Indiya wanne ya fi?"

Ya goge gemu.

"Ina na sani? Ni ban sha na Indiya ba. Sugana ya hau lokacin aikin, yaron nan ya tsare ni da ruwan zafi har muka hau jirgi. Kullum da safe sai a wuce da shi ta ƙofar ɗakina, in shaƙi ƙamshi in haɗiyi yawu. Tun a gadon nake tunanin wa zai dafa mini shi a gida."

Majalisa ta ɗauki dariya, kuma na lura ba shi ake yi wa ba.  Har yau ina neman amsar da zan mayar masa, ina tatsa ina nema, ina kan hanyar masallaci ina nema, don wallahi ban yafe ba. Ya miƙo mini kofin, ya dafa kafaɗata.

"Da roƙonka na yi, da ka dafa? Kai tun muna kiwo, in ina son kanya sai in ce ba ka iya hawa ba."