Maƙwabcina ɗan Japan

Lokacin kullen korona ina zaune a wani dogon bene a Sri Petaling, ina fama da rubutun digirina na uku. Ƙofar da ke kallon tawa ta wani dattijo ce ɗan Japan, wanda ya yi ritaya ya taho Malesiya shi kaɗai. Baba nake ce masa. Ranar da na gaya masa ma'anar kalmar, dariya ya yi ya amince.

Kafin annobar mukan haɗu a mamak, ɗan gidan abincin da ke ƙasan benen, mu sha shayi. A nan na taɓa tambayarsa abin da ya rabo shi da gida.

Ya ce, "A garinmu, duk wanda ya cika cewa 'ni' mai son kansa ne. 'Yata kuwa ta ce zamani ya canja, kowa ya yi rayuwarsa. Shi ne na zo in gwada."

Da aka rufe gari, benen ya yi tsit kamar an kwashe mutanen ciki. Wata rana bayan azahar na dawo daga kedai, wato kanti, da ledar abinci, sai na tarar da ƙofarsa a buɗe. Yana tsaye tsakiyar falo da takunkumi a fuska, ba kowa tare da shi. A bakin ƙofa ya jera silifa sababbi, irin waɗanda ake ajiye wa baƙi. Ina kallo ya juya wajen kujerun da ba kowa a kai, ya rusuna.

Na ce, "Baba, baƙi ka yi?"

"A'a. Amma suna gani."

"Su wa?"

Ya daɗe yana neman kalmar, sannan ya ce, "Mutane. Ba su da suna. Na ɗauka a can na baro su."

Na shige ɗaki na murza mukulli da rana tsaka.

Ba a jima ba na fara jin tarinsa, a toshe, kamar ya danne bakinsa da matashi. Na ƙwanƙwasa, na ce in kira asibiti ko in kawo masa abinci. Daga bayan ƙofa ya amsa, "Ka yi haƙuri, na dame ka da ƙara." Na ajiye masa shinkafa a bakin ƙofa. Washegari na ga kwanon a tawa ƙofar, a wanke tas.

Shi ya kira motar asibiti da kansa. Ya fito cikin kwat da taye, numfashi na sarƙe shi, ya ƙi hawa keken marasa lafiya. Sai da ya bi ƙofofin hawanmu ɗaya bayan ɗaya, duk a rufe, yana rusuna wa kowace. Ma'aikatan, cikin fararen rigunansu na leda, suka tsaya suna kallonsa.

A asibiti ya rasu. 'Yarsa ta kira ni daga Japan, ta nemi gafara a madadinsa, sannan ta tambaya ko wani a benen ya yi ƙorafi a kansa. Na ce ko ɗaya. Na ji ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, sai a sannan ta fashe da kuka.

Ba a sa kowa a gidan ba har na bar ƙasar. In zan wuce ta ƙofar ina waya, nakan rage murya.