Gorar Baba

Mahaifina ya yi rayuwarsa duka a tsaye kan wutsiyar kwale-kwale, yana tura shi da gora a fadamar ƙauyenmu da ke kusa da Guri, kuma ko sau ɗaya ruwa bai taɓa kayar da shi ba. Da faɗuwar ta tashi zuwa, sai ta same shi a tsakar gida yana alwala. Santsin laka ya ɗebe shi, ƙashin ƙugunsa ya karye.

A kan tabarma maza suka ɗauko shi suka fito da shi. Matan maƙwabta da suka hango haka sai suka ɗauki salati, sun zaci ta Allah ce ta kasance. Wannan salatin ya fi karayar yi masa ciwo. Bayan an yi masa aiki a asibiti a Haɗejiya, garin da nake koyarwa, na ce ya zauna a gidana kawai, ga ɗaki, ga jikoki. Ya harare ni.

"A ɗauke aka fito da ni. Da ƙafata zan koma, ko kuwa kar in koma."

Na san halinsa. In bai taka ba, zai zauna a ɗakina ne yana jiran mutuwa, Innata kuma tana can ƙauye tana jiransa.

Ma'aikaciyar gashin ƙashi wata matashiya ce 'yar kudancin Kaduna, mai haƙuri kamar me. Ta ba shi sandar asibiti, ta nuna masa: sanda gaba, sannan ƙafa. Baba ya karɓa, ya kafa ta a bayansa, ya tura. Saura kaɗan ya kifa. Aka sake, ya sake. Makonni muna wannan fama, ni har na fara ɗaga masa murya, shi kuma ya daina cin abinci sosai. Rannan na tarar da shi ya juya fuska ga bango, gaskiya na tsorata.

Washegari ma'aikaciyar ta tsaya tana kallon hannuwansa, sai ta juyo gare ni.

"Malam, wai Baba wace sana'a yake yi?"

Na gaya mata. Ta fashe da dariya har da tafa hannu.

"Ashe tuƙi yake mana a tsakar asibiti! Baba, a kawo maka gorarka?"

"'Yata," in ji shi, "ai da tun farko kin tambaya."

Na aika aka kawo ta a saman mota. Ta fi shi tsawo nesa ba kusa ba, wurin riƙon ya yi baƙi ya yi sumul. A baranda aka gwada, don ɗaki ya yi mata kaɗan. Ya kama ta da hannu biyu, ya kafa ta a gefe, ya jingina nauyinsa yadda ya saba, ƙafar ta bi. Ma'aikaciyar tana biye da shi tana gyara masa tsayuwa, yana gumi. Masu jinya suka riƙa tsokanarsa suna tambayar nawa ne kuɗin fito, ya ce masu lafiya ba ya ɗauka. Ban taɓa alfahari da mutum irin na wannan lokacin ba.

Da aka sallame shi, kaka ta shigo, ruwa ya ja baya, mota ta kai mu har bakin gari. Nan ya ce a tsaya. Ya sauka, ya kama gorarsa, ya bi ta tsakiyar gari a hankali, yana amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, kamar wanda ya dawo daga kasuwa. Matan nan suka leƙo ta katanga, ya gaishe su da ƙarfi don su ji da kyau.

A ƙofar zaure muka ci karo da abin da ba wanda ya yi tunaninsa. Ƙofar gajera ce, ga kwana a ciki, gora ba za ta shiga a tsaye ba. Ya dube ta, ya dubi ƙofar. Na miƙa masa hannu.

"Matsa," ya ce.

Ya jingina ta da bango, ya sunkuya, ya shiga hannu rabbana. Ina bayansa, ina jin jan ƙafarsa a ƙasa. Da ya ɓulla tsakar gida ya tsaya ya daidaita, sannan ya yi sallama da muryar maigida.

Inna tana bakin murhu, ta ba mu baya. Ta daɗe ba ta juyo ba, sai gefen zanenta da na ga ta kai fuska.

"Wa alaikumus salam, Malam," ta ce. "Ka tako a hankali, na zuba yashi a wurin."