Ƙawarta Ce, In Ji Tafinta

Zamanin Turawa, shekarar da kogi ya cinye shinkafar fadama, majigi ya zo Haɗeja. Mun saba a nuna mana haƙa masai da wanke hannu, sai ka ce da ƙafa muke cin tuwo. Ran nan ban san wanda ya yi kuskuren faifai ba, sai ga Turawa mata biyu a jikin farin ƙyalle suna kuka, har ɗaya ta sumbaci ɗaya a baki. Tafinta, bawan Allah, ya daburce a lasifika, ya ce, "Ƙawarta ce." Rabin fili suka watse suna a'uziyya, suna waiwaye.

Ɗinki nake yi a lokacin, bakin shagona kuwa nan ne majalisar masana. Washegari mai goro, wanda ko filin bai taka ba, shi ya fi kowa bayani, har da abin da ba a nuna ba. Wani dattijo da na gani da idona yana gyangyaɗi ya rantse bai taɓa ganin maɗigo ƙiri-ƙiri haka ba. Kafin azahar an yanke hukunci: ashe ma'anar ƙawance ke nan.

Yayata tana da ƙawa. Tun suna 'yan mata suka ƙulla, da goro da musayar ƙwarya, yadda mata ke yi. Tare suke bandar kifin da ake kawowa daga garin Baturiya, tare suke kitso. Iyakar abin da ke tsakaninsu ban sani ba, ban kuma ga wanda ya cutar ba. Amma mijin Yayata mutum ne mai tsoron bakin mutane fiye da tsoron Allah. Da maganar majigin ta kai kunnensa, ya ce kada ƙafar matar nan ta sake taka gidansa. Abin ya ƙona mini rai, har yau ma.

Da na je gaishe da Yayata, na tarar ta rame, tana juya kifi ita kaɗai.

Ta ce, "Ƙanena, an ce kai ka kalla har ƙarshe. Yaya suka ƙare?"

Na ce, "Yaya, ɗayar ta hau jirgin ruwa ta tafi, ba su sake haɗuwa ba."

Ta juya kifin da ke gabanta. Sannan ta ce, "Ashe su ma raba su aka yi. To, me mutanen garin nan suka ga bai yi musu ba?"